Mai Ayaba da Birai

Tun da ka zauna, Tanimu, kake zagin masu yi maka ɓarna, ban ji ka taɓa kanka ko sau ɗaya ba. To gyara zama ka ji.

An yi wani mai fataucin ayaba. Da gari ya cika ya batse, sai ya sayi fili a sabuwar unguwar da aka yanka a gindin wani dutse, ya gina gidansa. Dutsen nan kuwa tun kaka da kakanni na birai ne. Suna can sama, mutane na ƙasa, in ka gan su ma sai daga nesa suna shan hantsi. Sana'ar mutumin ita ce ya sauke ayaba ɗanya shar daga Kudu, ya jibge ta a wani ɗaki a bayan gida, ya lulluɓe da buhuna ya nuka ta, in ta nuna ya kai kasuwa. To ka san ayaba ba ta da haƙuri, kullum sai an sami wadda ta ruɓe. Juji da nisa, gogan naka kuma ga son jiki. Sai ya riƙa cika kwando da ruɓaɓɓu kowace yamma yana sheƙawa ta bayan katanga, wajen dutse. Matarsa ta ce, "Malam, ƙamshin nan fa ba mu kaɗai muke jin sa ba." Ya ce, "Ke dai kin cika tsegumi. Bayan gidana ne ko na wani?"

Ba a jima ba wani tsohon biri ya sauko ya ɗanɗana. Kashegari ya zo da iyalinsa. Kafin ka ce kwabo, dutse kaf ya san hanya. Wanda ya ci a bayan katanga kuwa, me zai hana shi leƙa cikinta? Rana tsaka sai ka ga ƙato yana taku a kan rufin kwano kamar gidan ubansa. Su buɗe tukunya, su kwashe masarar da aka shanya, su fizge ƙosai a hannun mai talla. Wata tsohuwa ta fito daga ɗaki ta tarar da ɗaya zaune a kan tabarmarta yana ɓare mata gyaɗa, ta daka masa tsawa, ko gezau bai yi ba. Unguwa ta ɗauki zafi. Wa ya fi kowa ɗaga murya? Mai ayaba! Dalili kuwa, ya zuba jarinsa gaba ɗaya a ayaba lodin mota guda, ga ta nan a ɗaki ta fara nuna, in ta salwanta ya karye ke nan. Ya kakkafa fasassun kwalabe a kan katanga. Ya sayo kare, karen ya ga haƙoran babban birin sau ɗaya, ya nemi lungu ya yi laƙwas. Duk wannan hidima da yake yi, kwandon yamma bai fasa ba.

Da abin ya ishe shi, sai ya tara mazan unguwa wata safiya, da sanduna da gwangwanaye da wani maharbi mai bindigar gargajiya. Shi ne a gaba, yana cika baki yau za a raba birai da dutsen nan har abada. Aka hau ana ihu ana haki har ƙoli, ba biri ko ɗaya. Ana cikin share gumi sai wani ya dubi ƙasa ya ce, "Malam, wancan ba gidanka ba ne?"

Daga sama komai a fili yake. Ga wata 'yar hanya fes da ƙafar birai ta daɓe, ta sauko daga dutse, ba ta karkata gidan kowa ba, ta miƙe sai bayan katangarsa inda tulin ruɓaɓɓiyar ayaba yake. Ga kuma birai cike da rufin ɗakin nuka, sun ɗage kwano suna ta fito da ayaba, matarsa ita kaɗai a tsakar gida tana buga faranti ba mai jin ta. Mutane suka dubi hanyar nan, suka dube shi. Wallahi da zagin sa suka yi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi. Kafin ya sauko, abin da ya rage a ɗakin bai wuce a ɗora a kai ba.

Amma mutumin ba wawa ba ne. Ranar bai zagi biri ba. Shebur ya ɗauka, ya haƙa rami ya binne tulin nan da hannunsa, kuma daga ranar duk abin da ya ruɓe sai ya kai wa masu kiwon awaki a cikin gari. Birai suka zo suka shinshina, babu. Suka sake dawowa, babu. Sannu a hankali suka ɗauke ƙafa, ciyawa ta rufe hanyar, ba da bindiga ba, ba da kare ba. Jari dai ya riga ya tafi, sai da ya koma tallan ayaba a tire da girmansa kafin ya farfaɗo.

Biri ɓarawo ne, Tanimu, ban hana ka faɗa ba. Amma kafin ka ɗauki sanda ka hau dutse, zagaya bayan katangarka ka shinshina. Magabata sun riga sun gama magana: in ɓera da sata, daddawa ma da wari.