Wanzami a Ɗakin Gwajin Jini

Sai da ya rufe ido ɗaya sannan tsohon wanzamin ya ga abin da ke cikin madubin likita. Shekara arba'in yana yi wa mutanen Fakku ƙaho, jini dai ja ya sani, ko baƙi idan ya lalace. Yau ga ɗigon jinin 'yarsa, wadda zazzaɓi ya kwantar a asibitin Tambuwal, ya zama fili guda, da 'yan ƙwayoyi masu ruwan ƙasa jefi-jefi.

Ya dubi mai gwajin. "Malam, mi ya rina su?"

"Wani ruwa ne, Baba, daga jinin zomo. Akwai sinadari cikin fararen ƙwayoyin jini, shi kaɗai yake bi ya kama, kamar karen farauta."

"To ga cutar nan ya kamo."

"A'a, waɗannan su ke yaƙar cutar. Nata sun yi kaɗan, jan ma ya ragu. An yi mata ƙaho ne?"

Tsoho ya lissafa a ransa. Sau tara ya kafa mata da hannunsa, kowane karo ya zubar da jinin a rami yana murna.

Ya sake leƙawa, ya ƙirga ƙwayoyin. Bakwai.

"Abin da aka zubas, ana maida shi?"

"Idan an samu mai bayarwa."

Ya ajiye zabirarsa, ya naɗe hannun riga.

"Ɗiba. Amma fara ɗiga ma nawa ruwan zomon, in ga ko mayaƙana na da yawa."