Jan Yawu a Hanyar Roni

Abin ya sauka a idon Mu'azzam ne daidai gangaren da ke bayan duwatsun Kazaure, da ɗumi, da yauƙi. Ya saki hannu ɗaya zai goge, tayar kekensa ta shafi ta na gabansa, sai ga shi a kwalta, na bayansa sun bi ta kansa. Da ya tashi ko kallon gwiwarsa da ta saluɓe bai yi ba. Yatsunsa ya tsura wa ido, jajir da yawun wani ƙato.

Ƙungiyarsu ta masu keke atisayen gasar doguwar tafiya take yi, daga Kazaure zuwa Roni, a wuce Gwiwa a dawo. Biyu-biyu suke jerawa, taya kusa da taya, don na gaba su tare wa na baya iska. A irin wannan sahu, duk abin da na gaba ya saki na baya ne ke karɓa. Shi ya sa shugabansu Malam Na'Allah ya kafa dokoki: in ka ga rami ka nuna da hannu, kada ka kama birki ba sanarwa, mai tofar da yawu ya fita daga sahu, marar lafiya kuma ya haƙura da gasar.

Ranar mutum biyu ne a gaba, Na'Allah da Ɗan'azumi tela. Ɗan'azumi kuwa kowa ya san shi da goro, haƙoransa kaɗai sun isa shaida.

"Wallahi Malam, yau ban sa goro a bakina ba," in ji Ɗan'azumi.

Babu wanda ya saurare shi. Wa za a zarga, Na'Allah? Mutumin da tsabar tsabta ta sa ko gorar ruwansa ya daina miƙa wa kowa, wanda atisaye ya ramar da shi har samari na sha'awar jikinsa?

A gindin wata tsamiya a Roni aka zauna kan maganar. Mu'azzam ya fi kowa zaƙewa, don har lokacin ji yake kamar ya saɓe fatar fuskarsa ya wanke. Ya ce ƙazanta dai ƙazanta ce, kuma da mota ce ke biye da su, da yanzu makara ake nema. Sauran suka yatsine fuska, suka ja jiki daga Ɗan'azumi.

Tun damina bawan Allan nan yake rufe shago da wuri saboda wannan gasa. Har ya yi wa 'yarsa Yasmin alkawarin za ta gan shi ya iso ƙarshe. Ya dubi shugaba, wanda ya kawo shi ƙungiyar da kansa, yana jiran ya ce wani abu.

Na'Allah ya yi gyaran murya, ya kurɓi ruwa, idonsa a ƙasa. "Doka ba ta bar kowa ba, Ɗan'azumi. Ka ajiye rigar ƙungiya."

Ɗan'azumi ya cire ta ya ninke, ya hau kekensa da 'yar singileti, ya kama hanyar gida shi kaɗai.

Ran Asabar aka fita da kwanciyar hankali, an rabu da ƙazami. Da hanya ta tsuke wajen Gwiwa aka koma ɗaya bayan ɗaya, Na'Allah a gaba, Mu'azzam a bayansa. A tsakiyar hawa kafaɗun shugaba suka girgiza, ya ɗan karkata kai gefe, iska ta kwaso wani abu ta manna wa Mu'azzam a dantse.

Wannan karon bai faɗi ba, bai kuma yi saurin gogewa ba. Ya ɗago hannun ya duba da kyau, babu ko ɓurɓushin goro a ciki. Jini ne, kuma mai tarinsa ya san da haka tun a gindin tsamiya.