Kwandon Tsingaro a Gaban Masu Zaɓe

Tunda an sa ka cikin masu zaɓen wanda za a tallafa wa, zauna in ba ka misali. A wani gari, 'yan kasuwa suka yi niyyar ɗaukar nauyin maginiyar tukwane guda ɗaya, su ba ta itace da rumfa da wurin gashi. Mata suka jera aikinsu a inuwa, tuluna da kasake sumul, duk wanda ka ƙwanƙwasa sai ya amsa. Can ƙarshen layi wata ta sauke kwando, ba komai a ciki sai tsingaro. Randa take son ginawa, irin wadda za ta shayar da kasuwa guda ranar cinta, amma duk wadda ta sa a wuta sai ta fashe. Ta riga ta ƙudura in aka sallame ta yau, ta haƙura, ta koma gina asusun yara. Aka yi ta dariya, har wani ya tambaya ko bola ta zo nema.

Cikin masu zaɓen akwai wata tsohuwar dillaliyar tukwane. Ta durƙusa tana shafa bakin tsingaron ɗaya bayan ɗaya, ta ji kaurinsu daidai daga gindi har wuya, ta ga tsakiyarsu baƙa ƙirin, alamar wuta ta mutu kafin yumɓu ya gasu. Ta ce, "Hannun 'yar nan ba shi da laifi, itace ne ya gaza mata. Masu tulun nan ko ba mu za su ci kasuwa, amma randa ba za ta tashi ba sai da mu." Aka ja, aka ja, daga baya aka bi ta tsohuwa.

Yau randar tana nan a bakin kasuwa, mutum biyu ba sa rungume ta. Ni da kaina na sha ruwanta ranar da ƙishirwa ta kusa kayar da ni, sanyi har haƙora. Na sa wa maginiya albarka, na ninka wa tsohuwa, don ba domin ta durƙusa ba, da hannun nan ya ƙare a asusu. Allah Ya saka mata da alheri. Saboda haka in an kawo maka kwando, durƙusa kafin ka yi dariya. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.