Tuta Biyu a Shagon Gwanjo

A wani shagon gwanjo na High Point Road mijinta ya zaro tsohon zane: jiragen yaƙin Ingila da na Faransa, na zamanin tafiya da iska, suna ɓarin wuta a teku.

"Kin gani, Hajiya?" in ji shi yana dariya. "Namu sun nutsar da naku."

Shi Bakano ne, ita 'yar Damagaram. Tun aurensu suke wannan tsokana, shi Ingila, ita Faransa. Yau ba ta rama ba, sai ta gyara tabarau. Can ƙasa, tsakanin tutocin biyu, wani baƙin mutum ya rungume guntun katako, ba mai miƙa masa igiya.

Ta ɗora yatsa a kansa.

"Alhaji, ga namu nan."