Hula ta Takwas

Kai da kake cewa hannunka ya faɗa a gyara, zauna in ba ka misali. Ni wanda bai iya ba bai cika ba ni tsoro ba. Gwanin da aiki ya fara yi wa kyau, shi nake tsoro.

Wani tsohon malamin firamare ne ya shafe shekara goma sha tara yana bin dattawan garinsu gida-gida, yana rubuta abin da suka riƙe a ka: wa ya haƙa rijiyar farko, daga ina kowace zuriya ta taso, su wa yunwa ta kashe a shekarar fara. Duk ya buga a wata tsohuwar kwamfuta da ya saya gwanjo. Littattafan da ya fara rubutun a ciki gara ta cinye su, bai damu ba tunda na'ura na riƙe da komai. Dattawan kuwa ƙasa ta rufe idonsu ɗaya bayan ɗaya. Da shi ma ganinsa ya fara dusashewa, sai kwamfutar ta daina tashi. Ya naɗe ta a bargo, ya hau mota zuwa birni, wurin wani mai gyara da ake yabo. Buƙatarsa guda ce, a fitar masa da rubutun a buga a takarda, ya shafa shi da hannunsa kafin ya mutu.

Mai gyaran ya buɗe ya ga faifan ajiyar, mai nauyi kamar bulo, lafiyarsa lau. Katin da ke sarrafa faifan ne ya ƙone. Ya yi ta yawo wurin 'yan gwangwan har ya samo irinsa, amma ba takardar bayani, kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da rufewa, kuma duk wanda ya tambaya sai ya kaɗa kai. A jikin katin akwai 'yan allurai a jere da ƙananan huluna na baƙar roba guda takwas. Inda ka ɗora kowace hula shi ke gaya wa katin irin faifan da aka haɗa masa, kuma ba ko harafi ɗaya da zai yi maka jagora. Haka ya zauna yana lalube: ya matsar da hula, ya kunna, ya kashe, ya rubuta abin da ya gani a bayan kwali. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi haƙuri. Tsohon kuwa kullum yana kan benci, ya dogara haɓa a kan sanda, yana sauraron ƙarar injin.

Rana ta huɗu bayan azahar faifan ya yi gurnani, rubuce-rubucen suka jeru a allon. Mai gyaran ya karanta layin farko, tsohon ya ƙarasa na biyu da ka, hawaye na bin gemunsa. Aka jona waya zuwa sabuwar kwamfuta aka fara kwafewa, sai dai tafiyar hawainiya ce, alamu sun nuna sai an kwana biyu. Maƙwabtan shago da suka taru kallo suka fara zolaya, wani ya ce, "Injiniya, kafin wannan ta gama ai mun yi furfura." Maganar ta soke shi. Huluna bakwai ya gano aikinsu, ta takwas ce kaɗai bai taɓa ba, zuciyarsa kuma ta raya masa cewa ita ce ta sauri. Ya tsayar da kwafewar, ya kashe, ya sa ɗan hantsaki ya matsar da ita. Da ya kunna, wata tambaya ta fito a allon da Turanci. Kwana huɗu yana amsa irin waɗannan tambayoyin har idonsa ya gaji da su, don haka bai karanta ba, ya danna e. Fitilar faifan ta shiga ƙyaftawa, lambobi suna gudu yadda ba su taɓa yi ba. Ya juya ya dubi jama'a yana murmushi, ya ce, "To, kun ga sauri?"

Saurin shafewa ne. Hular ta takwas tana gaya wa katin cewa faifan sabo ne, a share shi tas a shirya shi daga farko, tambayar kuma izini take nema. Mai gyaran ya mayar da hular mazauninta, ya kunna ya kashe har magariba, allon fayau. Tsohon ya ji shagon ya yi tsit, ya ce, "Me ya rage, ɗana?" Shafi uku ne suka riga suka tsallaka: shafin godiya, inda ya jera sunayen dattawan da suka ba shi labari. Sunayensu na nan, maganarsu ta tafi. Bai zagi kowa ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Ya ce a buga masa ukun, ya shafa su, ya ninke ya sa a aljihu, ya bar kwamfutar da bargon a nan. A gida ya so ya sake faɗa a rubuta masa, amma kai ya tsufa, sai ya ɗora rijiyar wani a kan kakan wani, ya ce a yage. Bai ga damina ba. Yau a garin nan in ka tambayi wa ya haƙa rijiyar farko, gida uku ne za su tashi da gardama, ba mai raba su.

Abin da aka zo nema ya riga ya shigo hannu, kwana biyu kawai aka ce mai gyaran ya jira. Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.