Curin Man Shanu Biyu

Kai da ka dogara da iya baki, saurara ka ji. Akwai wata mata mai zanen gine-gine, rabin mako tana wurin gini da magina, rabi tana koyarwa a jami'a. Karatunta kullum ɗaya ne: a yi bango mai kauri da jar ƙasa, a ɗaga rufi, a bar wa iska hanya ta sama, ɗaki zai yi sanyi ko ba wutar lantarki. Ɗalibai suna rubutawa don su ci jarrabawa, amma ta san abin da suke faɗa a bayan idonta, wai karatun Malama a allo kaɗai yake da kyau. Abin yana ci mata rai. Ana nan sai ƙungiyar manoman albasa ta nemi ta zana musu ɗakin ajiya, ita kuwa ta kwashi ajin kakaf ta tafi da su. Shugaban manoman yana ganin zanen ya tura hula gaba, ya ce su da suka shirya wa bulo da kwano, yanzu za a mayar da su gidan jiya? Wani ɗalibi ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ta gan shi sarai. Ta san in aka ƙi zanen nan a gabansu, yaran nan sun gama jin maganarta ke nan.

Ko musu ba ta yi ba. Bazara ce, rana tana dukan tsakar ka. Ta tsayar da wata mai tallar nono, ta sayi curin man shanu biyu, ta sa kowanne a ƙwarya. Ɗaya ta ajiye a shagon shugaban, na bulo da kwano, ɗaya a tsohon zauren mahaifinsa na ƙasa, wanda yake shirin rushewa. Ta ce a je a yi azahar a dawo. Da aka dawo, na shago ya narke tsaf, sai ka ce man gyaɗa. Na zaure kuwa yana nan zaune daram.

"Alhaji, a wanne ɗakin za ka kwantar da albasarka?"

Shugaban ya danna curin da yatsa, ya ɗaga kai ya dubi azarar da ubansa ya jera. Can ya tambayi kaurin bangon da ta zana. Kafin ta buɗe baki, ɗalibin nan mai dariya ya riga ta amsawa, har da ƙarin bayanin inda tagogi za su fuskanta. Wallahi ranar nan kan Malama ya fasu, kuma ba wanda ya ga laifinta. Shekara guda tana faɗa ba a ji ba, man shanu ya faɗa a wuni ɗaya. Hausawa dai sun gama magana: gani ya kori ji.