A Bar Min Giɓina

Ni Jatau mai shayi, da na ga yunwa biyu da ambaliyar Alƙahira ban mutu ba, injin cike giɓi ne zai ba ni tsoro? Doka ce yanzu: duk tsohuwar takardar da ta yage, inji ya ƙarasa rubutun, a niƙe ta asalin da shara.

Da safe Malama Tamar, Bayahudiya mai nazarin takardun kakanninta, ta zo teburina a harabar gidan adana takardu ido jajur, da 'yar guntuwa a hannu.

"Baba, addu'a ce mai shekara dubu, tsutsa ta ci tsakiyarta. Inji ya cike wurin da kalmomin da ba na marubucin ba. Yau za a niƙe ta."

"Da sunan Allah a ciki?"

"Akwai."

Ban san ko bihim ba, amma ba a haɗa wannan da shara ina raye. Na cusa ta cikin layata.

A ƙofar fita mai gadi ya kama layar yana jujjuyawa, sai ya dubi bakina.

"Tsoho, haƙoran nan fa? Kyauta ake cikewa."

Na washe masa baki. "Ɗana, bar min giɓina. Na inji ba nawa ba ne."

Ya yi dariya, ya saki layar.